Daga Gidan Rumji zuwa Gazawa: tafiyar biyan bashi

Mai karatu, cikin akwatina akwai wani ɗan littafi mai baƙin bango, irin wanda ƴan lakwal ke rubuta darasi a ciki. A shafinsa na farko akwai sunaye bakwai, kowane da abin da yake bi na. Wasu kuɗi suke bi na, wasu hatsi. Uku daga ciki kuwa na rubuta sunan na bar gabansa fili, domin ban sami ma'aunin da zan auna abin da suka yi mini da shi ba. Na fara rubutu cikin littafin nan a watan Afrilu na 2020, ina zaune Yamai an rufe gari da mu a ciki. Da shekara ta kewayo, a watan Maris na 2021, sai na nemi hutun kwana goma a wurin aiki, na sa shi aljihu, na kama hanyar gabas don in biya abin da ke biyuwa, in yi godiya inda biya ba ta yiwuwa. Labarin wannan tafiya ne nake so in ba ku.

Bari in tuna wa wanda ya manta yadda abin ya faro. Ranar 17 ga watan Maris na 2020, shugaban ƙasa na wancan lokaci, Mahamadu Isufu, ya yi wa ƴan ƙasa jawabi, ya ce za a rufe iyakoki da filayen jirgin sama da makarantu saboda annobar Korona. Ranar 19 aka sami mutum na farko da ya kamu a Yamai. Kafin watan ya ƙare an kafa dokar ta-ɓaci, an hana jam'in salla a masallatai, an hana yawon dare a babban birni, sa'an nan aka killace shi gaba ɗaya, ba shiga ba fita. Mu ma'aikata muka ce to, ai abin ƴan makonni ne. Albashi na fitowa, gwamnati ta ma ɗauke wa ƙananan gidaje kuɗin ruwa da wuta na wata biyu. Muka sayi sabulu da takunkumi, muka zauna gida muna sauraren radiyo.

Saura kwana kaɗan a kama azumi, da asuba, ƙanena ya bugo mini waya daga ƙauyenmu da ke gefen Gazawa. Baba ya cika. Tsufa ne da hawan jinin da ya daɗe yana fama da shi. Korona ba ta taɓa shi ba, ni ta taɓa, tun da ita ta tsare ni a nisan kilomita sama da 700. Na yi kwana biyu ina bin ofis-ofis neman takardar izinin fita, ana ce mini in dawo gobe. Aka yi jana'iza ba ni, aka yi sadakar uku da ta bakwai ba ni, ni ne kuwa babban ɗa. Sai da aka buɗe Yamai a tsakiyar watan Mayu na samu na je sadakar arba'in, na kwana uku na juyo, raina a dugunzume, ban gode wa kowa yadda ya kamata ba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. A waccan shekara an ɗaure mini ƙafa, wasu suka yi tafiyar a madadina.

Motarmu ta bar Yamai tun kafin kiran assalatu. Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, duk na wuce su cikin gyangyaɗi. A tasha an tilasta wa kowa sa takunkumi, amma kafin mu yi nisa duk ya sauka ƙarƙashin haɓa, ba ya komawa hanci sai an hango shingen jandarma. Wajen la'asar na sauka Gidan Rumji, garin da matafiyi kan sani ta tagar mota kawai, da masu tallan ƙwai da masu tsire, domin hankalin kowa ya riga ya kai Maraɗi, saura kilomita 50 da ƴan kai. Ni kaina na ratsa shi ya fi sau ɗari, ban taɓa kwana ba sai wannan karo.

Sunan farko cikin littafina na wani mushe ne da ke koyarwa a nan, abokina tun muna ƴan kwalej. Ranar da na buga masa waya ina kuka, bai ce mini komi ba sai "to". Lakwal na rufe. Ya hau babur ɗinsa ya yi tafiyar kilomita sama da 150 cikin zafin Afrilu, ya isa ƙauyenmu da azahar, ya zauna kan tabarmar makoki inda ya kamata in zauna, kwana uku yana karɓar gaisuwa. Duk wanda ya tambayi babban ɗa, sai Kawu ya nuna shi ya ce ga shi nan. Na kawo masa shadda mita goma. Ya juya ta, ya dube ni, ya ce: "Mutumina, kuɗin mai kake son biya ko kuɗin zama?" Na rasa ta cewa. Ya miƙa wa uwargida shaddar ya ce a ɗinka wa yara kayan salla, ya jawo wata hira.

Da safe ya goya ni muka fita bayan gari, ya ce akwai abin da yake so in gani da idona. Ƴan bindiga sun addabi ƙauyukan Sakkwato da Zamfara da Katsina, tun daga 2019 mutane suka riƙa tsallakowa, galibinsu mata da yara, suna faɗa wa ƙauyukan bakin iyaka na wannan gunduma. A watan Afrilu na 2020 kaɗai, wato daidai lokacin da aka ce kowa ya zauna gidansa kada ma a gaisa da hannu, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƴan gudun hijira ta ƙiyasta mutum 23,000 ne suka shigo ƙasar nan. An riƙa kwashe wasu ana nisanta su da iyaka, ana zaunar da su a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Shadakori, inda aka haƙa rijiyoyi aka ƙara azuzuwa. Amma kafin hukuma ta iso da tanti da buhu, talaka ne ya buɗe ƙyaure.

Ɗaya daga cikin talakawan nan muka iske gindin wata aduwa yana tufkar igiya, tsoho mai gashin baki fari fat. Mutum goma sha ɗaya suka sauka gidansa dare ɗaya daga wajen Sabon Birni, ba dangin iya ba na baba, suka yi wata biyar. Na tambaye shi ko bai ji tsoron cuta ba, ga shi radiyo na ta gargaɗi. Bai ɗaga kai daga igiyarsa ba ya ce: "Ɗana, wanda ya taho maka da dare da jinjiri goye, ba ka ce mishi shi tsaya nesa shi wanke hannu. Ruwa kaka ba shi shi sha tukuna." Rumbunsa ya ƙare tun ba a yi shuka ba, suka koma ga garin rogo da ganye, shi da baƙinsa ƙwarya ɗaya. Ya ƙara da cewa ai su da mutanen can duk Gobirawa ne, kuma gaskiya ya faɗa: ɗan sarautar Tibiri ne, Ɗan Halima, ya kafa Sabon Birni a ƙarni na 19, tun ba a ja layin da ya ce wannan Nijar wancan Najeriya ba.

Na yi shiru, kunya ta rufe ni. A cikin watan nan na Afrilu wani yaro ɗan garinmu, mai turin amalanke a Yamai, ya zo ƙofar gidana da magariba yana neman wurin kwana, dokar dare ta kusa kama shi. Na miƙa masa jikka biyu ta saman ƙyaure na sallame shi. Ina da ɗakin baƙi, ina da famfo, ina da sabulu katan guda. Ban gaya wa tsohon ba, ban gaya wa mushe ba, sai yau nake gaya muku.

Abin mamaki, iyakar da ta kasa tsare mai gudu ta tsare buhu. Ƴan kasuwa ba su manta ba: tun watan Agusta na 2019, wata bakwai kafin Korona, Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, manyan motoci suka yi jerin gwano a Ɗan Isa har tayoyinsu suka sace. Da Korona ta zo sai ƙofa ɗaya ta sami kwaɗo biyu, ɗaya daga can ɗaya daga nan. Tsofaffi suka ce sun taɓa ganin irinta. Yunwar 1984 ai El Buhari ake kiranta a ƙasar nan, domin fari ya gamu da rufe iyakar da Janar Muhammadu Buhari ya yi a shekarar, ga shi kuma bayan shekara 35 shi ɗin dai ne bisa mulki aka sake rufewa. Allah ya taimaka daminar 2020 ba irin ta 1984 ba ce. Ruwa ma yawa ya yi, ya rushe gidaje masu yawa a jihar Maraɗi, amma hatsi ya yi.

Tibiri na wuce ta ina leƙen fadar Sarkin Gobir daga nesa, gulbi ya ƙafe sai koren lambuna a ƙasansa. Maraɗi kwana ɗaya na yi. Ba wanda ke bi na komi can, ban daɗe ba.

Caduwa ba ta kai tafiyar sa'a guda daga Maraɗi ba, kuma tun daga bakin gari ƙamshin aya ke tarbar mutum. Wanda bai san ƙasar nan ba zai yi mamakin yadda ƴar ƙwayar da yara ke taunawa ta gina gidajen siminti ta kai mutane Makka. Daga Caduwa zuwa Agye zuwa Gazawa jigawa ce mai yashi, irin wadda aya ke so. Da damina ake shuka ta, tana da cin taki ƙwarai, in ta nuna a ƙone ganyen, a tone ƙasa, a tankaɗe da rariya, a sheƙe, cikin ƙurar da ke bar wa mutum tari na wata guda. Akwai babba akwai ƙarama. Mafi yawanta Najeriya take tafiya inda ake kunun aya da ita, takin ma da yawansa daga can yake fitowa. Gida mai ƙofa ɗaya ke nan, ta nan kaya ke fita, ta nan kuɗi ke shigowa.

Alhajin da ke sayen ayar Baba na iske shi bakin mangazarsa kan buzu, ya rame, gemu ya ƙara fari. Shi ya aiko da likkafani da goro ranar rasuwa. Shi ne kuma a watan Yuli, da ya ji hatsin gidanmu ya ƙare, ya ɗora buhu uku bisa amalanke ya aika, ba wanda ya roƙe shi. A lokacin kuwa mangazar nan cike take da ayar da ya saya da tsada bisa tsammanin Kano, Kano kuwa ta rufe. Kowa ya san ba a taɓa rufe iyakar nan ruf ba, babura na bi ta daji da buhu bibbiyu. Amma abin da kamyo ke ɗauka dare ɗaya babur sai ya yi wata yana jida, kuma kowace kwanar hanya da mai miƙo hannu. Duk abin da aka kashe a daji, daga kuɗin manomi ake cire shi. Alhaji yana da kamyo biyu kafin shekarar, ɗaya na iske.

Na fito da littafina, shi ma ya sa yaro ya ɗauko nasa, babba mai bangon kwali. Na ce: "Alhaji, nawa buhu ya yi a watan Yuli?" Ya ce ba watan Yuli muke ba, in biya da kuɗin da hatsi ke yi yau. Wanda ya san tazarar da ke tsakanin kuɗin hatsi na tsakar damina da na bayan kaka ya san kyauta ce aka yi mini aka sa mata rigar ciniki. Na ƙirga na ba shi, ya sake ƙirgawa, don ɗan kasuwa ne, ya soke. Da na kawo maganar likkafani sai ya ɓata rai. Ya ce: "Malam, shekara talatin babanka na kawo mini aya, ban taɓa iske tsakuwa ƙasan buhu ba. Kada in ƙara jin wagga magana." Muka sha fura. Da zan tashi ya ce yana ta gaya wa ƴaƴansa su raba ƙafa, su taɓa wake su taɓa riɗi, su nemi masu saye a Yamai da Agadas, amma yaran zamani Kano kaɗai suka sani. Ban ce komi ba, domin ni ma na taɓa ba wani dattijo shawarar ya bi ƙofa ɗaya, kuma zan zo ga wannan.

Agye gari ne na ma'aikata da ƴan furoje, asusun FIDA ya daɗe yana aikin raya karkara a nan. Na tsaya ne saboda wata majo, wato shugabar gidan likita, wadda da tana aiki wajenmu kafin a maido ta nan. Shekara uku tana bi ta gidanmu ran kasuwa ta auna jinin Baba, ta yi masa faɗa a kan gishiri, ba ta taɓa karɓar ko dala ba. Daren da ya cika, ita ce a kansa. Na iske ta tsakanin mata masu goyo, ta ba ni minti goma. Ta ce wata biyu gidan likita ya koma kamar kufai. Mata suka daina kawo yara awo da allurar riga-kafi, masu tari suka ɓuya a ɗaka, don jita-jita ta bazu cewa duk wanda ya je da zazzaɓi za a ce Korona ce a kulle shi. Da ruwa ya sauka da ƙarfi sai zazzaɓin cizon sauro ya zo ya cika mata ɗakuna, yara uku gado ɗaya. Na yi mata godiya, ta ce: "Malam, aikina ne." Na sani aikinta ne. Ni ma ina da aiki, kuma na san sau nawa na ce wa mutum ya dawo gobe.

A nan bari in faɗi ra'ayina, ni da nake cikin masu buga takardun doka. Lokacin tafiyata, waɗanda hukuma ta ƙirga Korona ta kashe a duk faɗin Nijar ba su kai 200 ba, alhali zazzaɓin cizon sauro na kashe dubbai kowace shekara ba a taɓa rufe ko kanti ɗaya saboda shi ba. Talaka ya iya lissafi. Wanda ya ga sanƙarau na 1995 ya kwantar da dubun dubatar mutane, ya ga yunwar 2005 da idonsa a wannan jiha, in ka ce masa ya bar kasuwa da masallaci saboda cutar da bai ga gawarta ba, sai ya ce ta masu hawa jirgi ce. Amma kada kowa ya ce ƙarya ce. Ita ta ɗauke ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar ranar 3 ga watan Mayu na 2020. A Kano, cikin Afrilu, dattawa da manyan malamai suka yi ta faɗuwa har masu haƙar kabari suka gaji. Kuskurenmu shi ne mun kwafo doka daga ƙasashen da kowa ke da firiji da albashi, muka aiko wa mutumin da in bai fita yau ba ba a ɗora tukunya, kuma muka aiko ta da kulki kafin ta iso ta bakin da ya yarda da shi. Tarzomar da aka yi a Mirya da unguwannin Yamai kan rufe masallatai daga nan ta fito. Sai ranar 13 ga Mayu aka buɗe su.

Daga Agye na bar gudro na ɗan yi arewa, don kawai in sake ganin itatuwa. Wanda ya san ƙasar nan a shekarun 1980 ya san fili ne fetal, iska na kwasar yashi tana binne shuka. Yanzu gona bayan gona gawo ne da kalgo da sabara da aduwa. Ba dasa su aka yi ba. Manomi ne in ya zo sassabe sai ya bar toho biyu ko uku a kan kututture ya gyara su su tashi, abin da ake kira sassabin zamani. Ƙauyen Ɗan Saga ya yi suna a kan haka, har da kwamitin da ke tsaron itatuwa daga ɓarayin dare, kuma masu bincike sun ƙiyasta eka miliyoyi ne suka farfaɗo ta wannan hanya a jihohin Maraɗi da Damagaram. A watan Maris komi ya bushe, gawo kuwa na da ganye, don shi da rani yake yin lulluɓinsa. Ƴan cin rani da suka dawo hannu banza a 2020, daga Kano da Ikko da Agadas, da almajiran da gwamnonin arewacin Najeriya suka kwaso a motoci aka maido gida, da yawansu a kan itatuwan nan suka rataya: a sare reshe a sayar da itace, a tsinci ƴaƴan gawo a sayar wa mai kiwon rago, a sami na tiya ɗaya. Ba a rufe wa itace iyaka.

Gazawa na nan gaba kaɗan kan hanyar Tasawa. Sai a 2011 ta zama gunduma mai cin gashin kanta, da ƙarƙashin Agye take. Darajarta Gulbin Kaba ne, kwarin da ba a ganin ruwansa sai an tona, amma goruba da kaba sun shaida yana nan. Tabarmar da mushe ya zauna a kai, da igiyar guga, da faifan da aka rufe furar sadaka, duk daga kabar nan mata suka saƙa su. Ta kudu hanya ta bi ta Gangara ta nufi Ɗankama a ƙasar Katsina, inda mutanenmu ke cin kasuwa tun kaka da kakanni, naira da sefa aljihu ɗaya. A cikin gari na biya mai kantin da ya ba da sukari da shinkafa, da mai amalanke, da wata maƙwabciya da ta ba Inna rancen jikka 20 daga kuɗin adashinta. Waɗannan ba su da wuya, ƙirgawa ce da sokewa.

Na isa ƙauye da magariba. Inna ta dube ni ta ce na rame, kamar yadda take cewa kullum ko da na yi ƙiba. Bayan sallar isha na zaga bayan gida, inda rumbuna suke. Biyu na tsaye bisa duwatsunsu. Na uku sai duwatsun kaɗai.

Ga labarinsa. Baba mutum ne mai rumbu uku, kuma ba ya buɗe na bana sai na bara ya ƙare. A 2018 na zo hutu na zauna na yi masa lissafi da alƙalami: hatsi na kwance shekara biyu ƙwari na ci, alhali in ya mai da gonar arewa ta aya zai sami ninkin kuɗin, ga ni kuma ina aiko da kuɗi kowane ƙarshen wata, in hatsi ya ƙare a saya. Ya saurare ni har na gama, ya ce: "Albashinka ta hanya yake zuwa, hanya kuwa tana da mai ita." Na yi dariya, na ce zamani ya sake. Don kada ya kunyata ɗansa mai ilimi, ya ba aya gonar arewa, rumbu na uku ya zauna wofi har gara ta cinye shi. A 2020 bakuna suka ƙaru da mutum biyar da suka dawo daga cin rani, baƙin makoki suka ci nasu, aya ta kwanta ba mai saye. Kuɗina na isowa ta waya ba fashi, amma tiya ta hau, kuma ni ma a Yamai hannuwa sun yi mini yawa. Hatsi ya ƙare a watan Yuli, saura wata biyu sabo ya nuna. Buhu ukun Alhaji, in ka auna, ramin rumbun nan suka cike.

Da safe Kawu ya raka ni makwanta. Sunansa ne na bakwai. Shi ya tara samari suka haƙa kabari, shi ya yi wanka tare da liman, shi ya shiga rami ya karɓi gawa, aikin da nawa ne. Dokar lokacin ta hana taron da ya wuce mutum 50. Na tambaye shi mutum nawa suka yi salla, ya ce bai ƙirga ba, amma sahu ya kai bakin gonar liman. A ofis da an kawo mini rahoton wannan taro da na ce an karya doka. A gaban kabarin ubana kuwa, in Allah ya ba ni iko, da na bi su ɗaya ɗaya na riƙe hannunsu. Har yau ban daidaita waɗannan biyu a zuciyata ba. Ƙasa ta lafa, ƙayar da aka rufa ta bushe, akwai ɓarin tukunya wajen kai. Muka yi addu'a. Kawu ya ce: "Ya tambaye ka sau biyu. Na ce mishi an rufe hanya. Ya ce ya sani."

Goro da sukarin azumi da na kawo Kawu ya raba wa samarin da suka yi haƙa, bai ɗauki ko ƙwaya ba. Kafin in tashi na bar wa ƙanena kuɗin kara da zana da jinka, na ce gonar arewa a raba ta biyu, rabi aya rabi hatsi. Ina hanyar komowa aka fara allurar riga-kafin Korona a Yamai, ranar 29 ga Maris, da maganin da ya zo daga ƙasar Sin. Nijar ta buɗe iyakokinta na ƙasa a watan Yuni na 2021, a daminar ne kuma cutar amai da zawo ta ratsa jihar, hatsi bai yi kyau ba, sabon rumbu bai cika ko rabi ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023 aka sake rufe iyakar Najeriya har zuwa Maris na 2024, aya ta sake kwanciya, amma a wannan karo Inna ba ta ci hatsin bashi ba.

Yaron nan mai amalanke na neme shi a Yamai, aka ce ya tafi Libiya. Na ƙara sunansa a ƙasan shafi, na takwas. Huɗu na soke. Na mushe da na majo da na Kawu suna nan yadda na rubuta su, gabansu fili.